Kare ya ƙi ƙwallon da aka kawo daga Abijan: me za a ba shi ya tauna?

Jama'ar Garhanga da kewaye, da ku ƴan uwa da ke cin rani a Abijan, Legas ko Libiya, ga wata magana da ta yi kama da wasa, amma tana ta da cacar baki a gidaje. Mutum ya dawo daga tafiya da tsarabar jan ƙwallon roba mai kuka, irin wanda ake saida wa masu karnuka a manyan birane. Ya jefa wa karen gida, kare ya sansana sau ɗaya ya juya baya. Da dare kuma ya kama takalmin mai gida ko igiyar guga ya yi kaca-kaca da su. Sai ka ji ana cewa karen nan tsirfa gare shi.

To, kare da hanci yake zaɓe. Sabuwar roba warin kamfani take yi, takalmi kuwa yana ɗauke da gumin ubangidansa, wanda ya sani kuma yake so. Idonsa ma ba kamar namu ba ne: yana bambance shuɗi da rawaya, amma ja dishi-dishi yake ganinsa. Jan ƙwallo a kan jar ƙasa da duwatsun Adar, kun ga ai ya ɓace masa. Ko jika biyar aka saye shi, kare bai san kuɗi ba.

Idan kwikwiyo ne, taunar nan dole ce. Yana da haƙoran nono 28, su fara zuba wajen wata huɗu, manya 42 su kammala fitowa wajen wata bakwai. Duk tsawon lokacin nan dasashi ƙaiƙayi yake masa. In ba ka ba shi abin taunawa ba, zai nemo da kansa, kuma wani lokaci ɗan tsako ne zai biya.

Sai a dubi aikin da karen ya gada. Dogayen karnukan nan irin na Azawak, da ake gani wajen makiyaya da mafarauta, abin da ke gudu suke bi. Ka aje musu abu a ƙasa, ba su kula shi. Ɗaura fatar zomo ko tsumma a bakin doguwar igiya, yaro ya ja da gudu, ka sha kallo. Karen da ke tsaron garke ko garka shi kuma ya fi son abin da zai danne da ƙafa ya yi ta gaigaya. Wannan a nemo masa busasshiyar fatar saniya mai faɗi wajen mahauta, ko a murɗa tsummoki masu kauri a ƙulla su tam. In ya ƙi, shafa ɗan romon nama. Amma fa romon da babu albasa. Mu nan ƙasar albasa ce, daga Galmi har kwarin Kaita kowace tukunya da ita, alhali tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffa.

Kada a zube masa duka lokaci guda. Ba shi ɗaya, ɓoye biyu, bayan kwana uku a sauya, zai karɓa kamar sabo. Kuma kada a ce ga tsohon takalmi tunda shi yake so, don ba ya bambance shi da na Salla.

Abin da ke kashe su ya fi yawa bayan Layya, lokacin da ƙashi ya cika gari. Dafaffen ƙashi ko gasasshe, musamman na kaza da zabo, tsagewa yake yi kamar allura ya huda hanji. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro da na goriba, leda, da zaren igiyar da ta warware, duk suna toshe ciki. Batir da kwalbar maganin feshi da aka yar a garka kuwa guba ne tsantsa. Duk abin da zai shige bakinsa gaba ɗaya, ya yi ƙanƙanta. Idan kare ya fara amai, ya ƙi abinci, ba ya kashi, a nemi malamin dabbobi ko ma'aikatar kiwo ta Kaita, kada a jira ranar kasuwa.

Tunda yara ne suka fi wasa da su, igiyar ja ta zama doguwa, hannu ya yi nisa da baki. A yi wa kare allurar rigakafin hauka tun yana wata uku. In haƙori ya karci yaro, ko da cikin wasa ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar.

Karen da kullum yake wasa, kwatsam ya daina, ya koma ɓuya ko cizon itace da dutse, miyau na dalala, wannan ba tsirfa ba ce. A janye yara, a rufe shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale, a kira malamin dabbobi.