Sirrin roba da hasken eksire ya tona

Ran nan a aji na raba wa ɗalibaina robar ɗaure kuɗi, na ce kowa ya ja ta da sauri ya ɗora a leɓensa. Ajin ya kaure da surutu: "Malam, ta yi ɗumi!" Wata yarinya ta ce to me ya sa in an ja ta sosai sai ta ƙi ƙara miƙewa, ta yi tauri? Gaskiya tambayar ta fi darasin da na shirya.

Amsar tana wurin wani masani ɗan ƙasar Holan, J. R. Katz. A 1925 ya haska roba da hasken eksire, wato irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Robar da ba a ja ba, hotonta zobe ne mai dishi-dishi, alamar ƙwayoyinta a cukurkuɗe suke kamar zaren da kaza ta tattaka. Da ya miƙe ta sosai, sai ɗige-ɗige masu haske suka fito ɓaro-ɓaro. Wato wasu zarurrukan sun jeru sahu-sahu, sun zama kiristal, irin tsarin da ke cikin gishiri. A saki robar, ɗigon ya ɓace.

A nan awon yake. Masana kan kwatanta ƙarfin hasken ɗige-ɗigen da na zoben, su fitar da kason robar da ya jeru. Jeruwar kan fara ne idan an ja ta kamar ninki huɗu na tsawonta, kuma ko an matsa, ba ta cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Sanyi ma na sa ta jeru, musamman wajen digiri 25 ƙasa da sifiri.

To ina ruwanmu? Idan taya ta fara tsagewa, bakin tsagar ne ya fi miƙewa, nan take robar wurin ta jeru ta tare tsagar. Shi ya sa har yau tayoyin jirgin sama da na manyan motoci ba sa rabuwa da robar itace, irin wadda ake tatsa a gonakin kudancin Kamaru. Duk lokacin da na ga tirela na gangara tsaunin Ngaundare da kaya niƙi-niƙi, abin da nake tunawa ke nan.

Washegari yarinyar ta zo da danƙon harbin tsuntsu na ƙanenta, wai mu gwada da shi.