Zaɓen Ƙaramar Bindiga Don Tsaron Kai a Dazuzzukan Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi ainun, watau mutum ya ɗauki hutu daga wurin aikinsa, ya goya jakar guzuri, ya nausa cikin ƙungurmin daji da ƙafa, ya yi kwana da kwanaki, wani ma har wata da watanni, don shaƙatawa da kallon ikon Allah kawai. An shata wa irin waɗannan matafiya hanyoyi na musamman. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda ta bi duwatsun Apalashiya, mai tsawon kilomita wajen 3,500, ta ratsa jihohi 14. Da yake abincin matafiyi da ruwansa da shimfiɗarsa duk a gadon bayansa suke, to, kowane tarkace sai ya auna nauyinsa kafin ya jefa shi cikin jaka.

Amma fa dawa tana da masu ita. Dabbar da aka fi shakka a can ita ce beyar, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi da zaƙo-zaƙon farata. Akwai baƙa, wadda ta bazu a yawancin ƙasar, ba ta kuwa cika faɗa ba. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizili, ana samunta a jihohin Montana da Wayomin da Aidaho, sa'an nan a Jihar Alaska kaɗai an ƙiyasta akwai kamar 30,000. Namijinta yakan kai nauyin kilo 300, na bakin teku a Alaska ma sukan ninka haka. Duk da wannan jiki nata, takan yi gudun kilomita 55 a awa, watau ke nan in ta taso wa mutum daga nisan mita 30, daƙiƙa biyu ta ishe ta ta cim masa. Wannan shi ya sa wasu matafiya suke neman ƙaramar bindiga da za su rataya, suna kuma so ta kasance marar nauyi. A nan ne gardama ta taso.

ABIN DA DOKA TA CE

Kafin shekarar 2010, ba a yarda baƙo ya riƙe bindiga da harsashi a cikinta a manyan gandayen daji na Gwamnatin Tarayyar Amurka ba. Daga watan Fabrairu na wannan shekara aka sake doka, aka ce duk wanda dokar jihar da gandun yake ta yarje wa riƙon bindiga, to, yana iya shiga da ita. Sai dai izinin riƙewa daban, izinin harbawa daban. A gandun Yellowstone, alal misali, harba bindiga laifi ne, kuma ba a shiga da ita ofisoshin hukumar gandun. Mai bin hanyar Apalashiya kuwa, kowace jiha ya taka sai ya san dokarta, shi ya sa ƙungiyar da take kula da hanyar take ba matafiya shawarar su bar bindigoginsu a gida. Wanda ya ƙetara Kanada ma ba zai shiga gandayensu da ita ba.

Ita kanta girizili doka ta tsaya mata. Tun 1975 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ake jin tsoron ƙarewarsu a jihohin da suke kudu da Kanada, saboda haka wanda ya kashe ta, ko da ya ce kansa ya kare, sai hukuma ta bi diddigin maganarsa. A Alaska wajibi ne ya kai rahoto, ya kuma miƙa wa gwamnatin jiha fatar dabbar da faratanta da ƙoƙon kanta.

RASHIN NAUYI DA ABIN DA YAKE JAWOWA

Ƙananan bindigogin da ake zaɓa iri biyu ne. Na farko ita ce libarba, mai gidan harsashi kamar ganga da yake juyawa, yawanci tana cin harsashi biyar ko shida. Ana yabonta don ba ta cika cijewa ba, kuma tana ɗaukar harsasai masu ƙarfin gaske, kamar .357 Magnum wanda ya fito a 1935, da .44 Magnum wanda ya biyo baya bayan shekara ashirin. Na biyu shi ne fistol mai ɗura wa kansa harsashi bayan kowane harbi. Wanda ya yi fice a wannan fage shi ne Glock 20, ƙirar ƙasar Ostiriya, mai cin harsashi 15 masu faɗin milimita 10. Irinsa ne sojojin Denmak masu sintiri da keken karnuka a arewa maso gabashin Girinlan suke ratayawa saboda farar beyar ta ƙasar ƙanƙara, ko da yake babbar bindiga ce makaminsu na farko, fistol ɗin mataimaki ne kawai.

Don a biya wa matafiya bukata, maƙera sun yi ƙoƙarin rage nauyi. Kamfanin Smith & Wesson yana da libarba mai cin .44 Magnum da aka ƙera da ƙarfe zalla, nauyinta wajen kilo ɗaya da giram 200. A 2003 sai ya fito da wata mai lamba 329PD, wadda aka ƙera da gaurayen ƙarafa marasa nauyi, ba ta cika giram 750 ba, harsashin kuwa iri ɗaya ne. Ga mai tafiyar kwana goma a kan duwatsu, wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma araha ba ta ado. Ɗaliban kimiyya sun san cewa duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindiga takan yi shuri baya. Nauyin bindigar shi yake shanye wannan shuri. In aka rage nauyin da rabi, ƙarfin dukan da hannu zai sha sai ya ninka. Saboda haka libarba marar nauyin nan takan doki tafin hannu fiye da 'yar'uwarta ta ƙarfe da abin da ya haura rabi. Illar wannan kashi biyu ce. Ta farko, bakin bindigar yakan ɗaga sama bayan harbi, kafin mai ita ya dawo da shi kan saiti lokaci ya ƙure. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce bindigar da take ciwo ba a son gwajinta. Mutum zai saya, ya harba sau biyu ko uku, hannunsa ya yi tsami, ya mayar da ita akwati. Daga nan jikinsa ya koyi zabura tun kafin ya ja kunama, harsashi kuwa ya tafi inda ba a aike shi ba.

Ta ɗaya gefen kuma, bindiga mai nauyi da ta dami mutum a kwankwaso, ƙarshenta cikin jaka, ko ma a bar ta a mota. Shi ya sa masu koyar da harbi a can suka fi ba da shawarar a tsaya tsakiya, watau mutum ya ɗauki mafi ƙarfin bindigar da zai iya harbawa sau da yawa a jere, cikin sauri, yana samun abin da ya auna. In .44 ta fi ƙarfin hannunsa, ya sauko zuwa .357 ko milimita 10, babu abin kunya a ciki.

Irin harsashin ma abin dubawa ne. Wanda 'yan sanda suke amfani da shi yakan buɗe da zarar ya shiga jiki, don haka ba ya nisa. Ita kuwa beyar tana da kauri na gashi da kitse da tsoka da ƙashi, sai harsashi mai taurin dalma, mai shafaffen kai, wanda zai ratsa ba tare da ya tarwatse ba. A 2016 wani gogaggen jagoran mafarauta da masunta a Alaska, Phil Shoemaker, ya kashe wata beyar da ta taso wa baƙinsa da ɗan fistol mai milimita 9 kawai, da irin wannan harsashi mai tauri. Masu son bindiga marar nauyi sukan kafa hujja da wannan labari, amma sukan manta cewa mutumin ya shafe shekaru fiye da talatin yana hulɗa da waɗannan dabbobi.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Kalgari a Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara labaran karo 269 da aka yi tsakanin beyar da mutane masu bindiga a Alaska daga 1883 zuwa 2009, suka buga sakamakon a 2012. Sun gano cewa masu ƙaramar bindiga sun yi nasarar tsayar da dabbar sau 31 cikin 37, watau kashi 84 cikin ɗari, masu doguwar bindiga kuwa kashi 76. Amma duk da haka an ji wa mutane rauni a karo 151, mutum 17 sun rasa rayukansu, an kuma kashe beyar 172. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, wanda ya harba bindigarsa da wanda bai harba ba, yawan raunin da suka samu bai bambanta ba. Dalilan da aka samu na rashin nasara sun haɗa da ƙurewar lokaci, da cijewar bindiga, da kuskuren saiti, da tuntuɓe yayin ja da baya.

Tun a 2008 waɗannan masana suka buga wani binciken a kan feshin barkono, watau wani gwangwani da aka ƙirƙiro a Montana cikin shekarun 1980, mai fitar da hayaƙin barkono zuwa nisan mita takwas ko tara. Daga 1985 zuwa 2006, feshin ya kori beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kashi 98 na mutanen kuma sun tsira ba ko ƙwarzane. Mutum uku ne suka ji rauni, babu kuwa wanda aka kwantar a asibiti. Hikimar abin ita ce hayaƙi yakan bazu, ba ya bukatar saiti irin na harsashi, ga shi nauyin gwangwanin bai kai rabin na libarba mafi sauƙi mai cin .44 ba.

Wasu sun soki gwama binciken biyu, suna cewa labarin bindiga ba ya kaiwa ga hukuma ko jarida sai in an zub da jini, don haka alƙaluman sun karkata ga munanan karo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Har ila yau iska mai ƙarfi tana iya karkatar da feshi, kuma ba a shiga jirgin sama da shi. Saboda haka ne mazauna Alaska da dama suke haɗa biyun, barkono a gaba, bindiga ta zama makamin ƙarshe.

INDA AKE RATAYE TA

A watan Satumba na 2018, a Jihar Wayomin, wata girizili ta auka wa wani jagoran mafarauta da baƙonsa suna cikin feɗe naman da suka harbo. Jagoran yana da fistol mai milimita 10, amma ya ajiye shi tare da kayansa 'yan taku kaɗan daga inda yake. Baƙon ya kai ga bindigar, sai dai bai iya sa ta ta tashi ba, jagoran kuwa ya rasa ransa. Bindigar tana da ƙarfin da ake bukata, abin da aka rasa shi ne kusanci da sabo. Shi ya sa matafiya da yawa suke ɗaura kuben a ƙirji, domin ɗamarar jakar baya takan rufe kwankwaso, kuma suke gwada zarowa da jakar a goye tun suna gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan duk wannan, ya kamata a auna girman haɗarin kansa. Tun da aka kafa gandun Yellowstone a 1872, mutum takwas beyar ta kashe a cikinsa, alhali miliyoyin baƙi suke ziyartarsa kowace shekara. Waɗanda suka nutse a ruwa, ko suka faɗa maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun, sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Shawarar hukumar gandun ita ce a yi tafiya mutum uku ko fiye, a riƙa ɗaga murya don kada a yi kiciɓis da dabbar, a bar tazarar mita 90 ko fiye, a adana abinci nesa da wurin kwana, kada kuma a ruga da gudu in an haɗu da ita.

Yana da kyau mai karatu ya lura cewa wannan zaɓi na mutanen Amurka ne da dokarsu. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta mallakarsu sai da lasin daga Shugaban Ƙasa.

Ga matafiyin Amurka kuwa, tambayar da ta kamace shi ta wuce ta giram nawa bindiga take da shi. Sai ya tambayi kansa ko zai jure ɗaukarta a jikinsa tun daga fitowar rana har faɗuwarta, ko hannunsa zai kai gare ta cikin daƙiƙa biyu, ko kuma ya harba ta sau ɗaruruwa har ta zama 'yar gida. In amsar ɗaya daga cikin ukun nan a'a ce, to, gwangwanin barkono da abokan tafiya biyu za su fi yi masa rana.