Zaɓen 2027: Mu San Wanda Za Mu Tura Majalisa

Duk inda aka zauna hirar siyasa a kwanakin nan, a teburin mai shayi ko a cikin motar haya, tambayar ɗaya ce: wa zai ci kujerar shugaban ƙasa a 2027? Da wuya ka ji an ambaci 'yan majalisar tarayya, alhali rana ɗaya ake zaɓensu. Takarda uku malamin zaɓe yake miƙa wa mutum a rumfa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Biyun ƙarshen nan su ne damuwata.

Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da 360, jihar Kano kaɗai na da 24. Waɗannan mutane su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke bin diddigin yadda ma'aikatu suka kashe shi, sanatoci kuma su ke tantance ministoci. Wanda ya raina ƙarfinsu ya tuna watan Mayun 2006, lokacin da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar tazarce. Dokokin haraji da suka tayar da ƙura a Arewa, waɗanda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, a majalisar tarayya aka yi ta kai ruwa rana a kansu.

A zaɓen 2023, APC mai tsintsiya ta samu sanatoci 59, PDP mai lema 36, LP takwas, sauran suka rabu tsakanin NNPP da SDP da APGA da YPP. Amma lissafin bai daɗe a haka ba, saboda sauya sheƙa. A 2025 sanatocin Kebbi uku suka bar PDP suka koma APC, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ma ya bar NNPP ya koma APC. A Yulin shekarar ne wasu jiga-jigan adawa suka haɗu a inuwar ADC, David Mark yana jan ragama. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Ta wannan kafar kowa ke ficewa.

Mu ma talakawa muna da namu alhakin. A 2015 aka yi ta kiran "sak", mutane suka dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa saboda Buhari, guguwar ta kwashi na kirki da baragurbi ta kai Abuja. Takardar ƙuri'armu ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, tambarin jam'iyya ne kawai. Idan ba ka bincika tun daga gida ba, za ka iya zaɓen mutumin da ko kamanninsa ba ka sani ba, ya yi shekara huɗu yana amshin shata.

Don haka tun daga zaɓen fidda gwani ya kamata a sa ido, domin a nan ake ɗauki-ɗora. Idan mai neman komawa ya zo, a tambaye shi: wane ƙuduri ka gabatar? Me ka faɗa a zaure kan tsaron ƙauyukanmu da tsadar taki? Taliya da atamfar ranar zaɓe ba amsa ba ce.

Ɗan'uwa mai karatu, ka adana katin zaɓenka, ka nemi sunayen 'yan takarar mazaɓarka na kowace jam'iyya, ka auna su ɗaya bayan ɗaya. Ranar zaɓe, kowace takarda ka ba ta nata hukuncin.