Rijiyar Da Ta Sa Aka Ɗage Jarrabawar Ƙasa Guda

Ranar 15 ga Nuwamba 2017, ana gobe ɗaliban Koriya ta Kudu za su rubuta jarrabawar shiga jami'a, wato irin JAMB ɗinmu, sai girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 5.4 ta afka wa birnin Pohang. Mutane da dama suka jikkata, sama da dubu suka bar gidajensu, aka ɗage jarrabawar da mako guda. A Maris 2019 kwamitin binciken gwamnati ya ce aikin samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa ne ya tayar da ita.

Mu da muke karatu da tocilan waya a Ƙofar Kwaya in an ɗauke wuta, wannan fasaha abar sha'awa ce. Ana haƙa rijiya mai zurfin kilomita 4 ko fiye, a tura ruwa da ƙarfi cikin dutse mai zafi har ya tsattsage, ruwan ya dawo da zafinsa ya juya injin. Ba hayaƙi, ba ruwanta da dare ko rana. Kada ka haɗa ta da burtsatsen unguwa, wanda ko kusa bai kai wannan zurfin ba.

Matsalar ita ce ƙarƙashin ƙasa akwai tsofaffin tsaga da nauyin duwatsu ya danne. Ruwa ya kutsa cikinsu, sai riƙon ya sassauta, dutse ya zame. A Pohang ruwan ya tarar da tsagar da ba a san da ita ba.

Dabarar da injiniyoyi ke bi kamar danjar titi take. Na'urori na sauraron motsin ƙasa dare da rana: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a rage matsi, ja a tsaya. A Basel ta Suwizalan an tsaya a Disamba 2006, amma duk da haka girgiza mai maki 3.4 ta biyo baya, aka soke aikin a 2009. A kusa da Helsinki ta Finland kuwa, a 2018 an tura ruwa zurfin kilomita 6 ana yi ana hutawa, girgiza mafi girma ba ta kai maki 2 ba. Ni a ganina danja kaɗai ba ta isa ba, domin ta Pohang ta zo ne kusan wata biyu bayan an daina tura ruwa. Gano tsagar tun kafin haƙa ya fi.

Mu ma ƙasarmu tana motsi. An ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumba 2016, aka sake ji a Mpape ta Abuja a Satumba 2018. Muna kuma da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari da na Ikogosi a Ekiti, irin wuraren da masu binciken zafin ƙasa ke fara dubawa. Cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa tana Toro a jihar Bauchi, ga mai neman wurin yin IT.