"Sai" da "Idan": Ƙarin Labari a kan Wasan Kwamfuta

Abin da nake so in jawo hankalin malamai a kansa a wannan takarda shi ne wani irin rubutun labari da ba mu cika lasafta shi cikin adabi ba, watau wanda masu sha'awa ke ƙarawa a kan wasan kwamfuta da wani kamfani ya riga ya fitar. Misali guda zai ishe mu.

A shekara ta 2011 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wasan Skyrim, kuma a 2012 ya sakar wa jama'a kayan aikin da ake gina wurare da mutane a cikinsa. Da waɗannan kaya ne wani lauya ɗan Ostireliya, Nick Pearce, ya gina labarinsa mai suna The Forgotten City, ya fitar da shi a 2015. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa, mai doka ɗaya tak: in mutum guda ya aikata laifi, kowa ya halaka. A 2016 ƙungiyar marubuta ta ƙasarsa ta ba shi lambar yabo saboda rubutun.

To, ina wuyar aikin take? Mai ba da labari a Hausa da "sai" yake tafiya: sai ya tashi, sai ya tarar da sarki. Shi ke da ikon jeranta al'amura. Marubucin wasa kuwa ba shi da wannan iko, gama mai wasan ne ke zaɓen ƙofar da zai fara buɗewa da wanda zai fara yi wa magana. Saboda haka ginshiƙin rubutunsa "idan" ne: idan ya riga ya ga gawar, a faɗa masa kaza, idan bai gani ba, a faɗa masa wani abu dabam. Kowace jimla tilas ta dace da abin da mai saurare ya sani a lokacin, alhali marubucin bai san ta wace hanya ya biyo ba. A ganina nan ne gwanintar Pearce ta bayyana. Ya sa lokaci yana komawa baya duk sa'ad da aka karya dokar, mutanen birni su manta kome, mai wasa kaɗai ya riƙe abin da ya ji. Ta haka sanin da ya tara shi ne ya zama makaminsa, matsalar rubutun kuma ta zama jigon labarin.

Akwai kuma maganar mallaka, wadda mai tatsuniya bai san da ita ba, don ba wanda ya taɓa neman izini kafin ya ƙara wa Gizo sabuwar dabara. Nan ba haka ba ne. Da wani ɗan Ajantina ya fitar da AM2R a 2016, sabon gini na wasan Metroid II, cikin 'yan kwanaki kamfanin Nintendo ya sa aka janye shi. Shi ma Pearce ba shi da halin sayar da labarinsa muddin yana cikin duniyar Bethesda. Sai da ya tumɓuke shi, ya mai da birnin na Rumawan dā, ya sake rubuta zantuttukan, kana ya fitar da shi a 2021 a matsayin wasa mai zaman kansa, mai ƙarshe iri huɗu.