Jarabawar kalkulas: gaskiya da ƙarya cikin abin da ɗalibai ke faɗa

Da zarar an kafe jadawalin jarabawa, maganganu kan yi yawa a tsakanin 'yan aji ɗaya na jami'a game da kalkulas, kwas ɗin da jami'o'in Najeriya da yawa ke kira MTH 102. Wasu su ce duk wanda ya haddace fomuloli ya tsira, wasu su ce malami tambayoyin bara yake maimaitawa, wasu kuma su ce abin na masu baiwa ne kawai. Biyun farko akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, shi ya sa suka fi cutarwa.

Gaskiya ne cewa sai da hadda. Ɗalibin da zai tsaya tunanin mene ne dy/dx na sin x a zauren jarabawa ya riga ya yi asarar lokaci. Ƙaryar ita ce a ce haddar ta wadatar. Ɗauki x² sin x da sin(x²). A ido kamar Hassan da Husaini suke, amma na farko abu biyu ne aka ninka, amsarsa 2x sin x + x² cos x, na biyu kuwa abu ne a cikin wani abu, sai an bi ƙa'idar sarƙa a sami 2x cos(x²). Ɗalibi zai iya rera ƙa'idojin biyu da ka, ya kuma faɗi, domin takardar jarabawa ba ta gaya masa wacce zai ɗauko. A littafi kan babin ne ke yi masa wannan zaɓin, shi bai ma lura ba. Abin da jarabawar ƙarshe ke aunawa ke nan: gane hanyar ba tare da an nuna maka ba.

An gwada wannan. A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun wallafa wani bincike da aka yi da ɗaliban jami'a a Amurka, inda aka koya musu lissafin girman siffofi huɗu. Rukuni ɗaya suka yi atisaye iri-iri a jere, ɗaya rukunin aka cakuɗa musu tambayoyin. Lokacin atisaye rukunin farko ne suka fi ci, amma da aka gwada su bayan mako guda, masu cakuɗaɗɗen atisaye suka sami kashi 63 cikin ɗari, sauran suka tashi da kashi 20. Haka kuma nazarin da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya sanya maimaita karatu da ja wa rubutu layi cikin hanyoyi masu ƙarancin amfani, ya ɗora gwada kai da rarraba karatu cikin kwanaki a sahun gaba.

Da wannan ma'auni za a duba batun tambayoyin baya. Salon tambaya yakan dawo kam, tunda manhajar ba ta cika canzawa ba: iyaka, dy/dx, ƙololuwa da ƙasan lanƙwasa, intigireshan. Amma wanda ya zauna yana karanta amsoshin da wani ya warware yana gyaɗa kai, sabo da shafin kawai ya yi. A canza masa lamba ɗaya, sai ya tsaya cak. Amfanin takardar bara yana cikin rufe littafi, a sa agogo, a warware ta da biro, sannan a duba inda aka kauce.

Wani zai ce wannan hanya tana cin lokaci, kuma tana karya gwiwa, musamman ga mai kwas takwas ko tara a kansa. Ƙorafin yana da hujja. Sai dai wahalar da za a sha a ɗaki ita ce dai za a tarar a zaure, kuma a ɗaki kuskure ba ya cin maki. Tambaya shida a cakuɗe kullum na mako biyu sun fi kwana ɗaya da aka raya har asuba, domin rashin barci yana rage natsuwa, kuma alamar ragi ɗaya da ta ɓace a layi na biyu ta isa ta rushe amsa gaba ɗaya.

Maganar baiwa kuwa ita ta fi ba ni takaici, domin tana sa yaro ya sallama tun kafin ya buɗe littafi. Duk wanda ya bi kuskurensa layi-layi zai ga sau da yawa ba kalkulas ɗin ne ya kayar da shi ba. Aljabara ce ta sakandare: buɗe baka, haɗa ɓangarorin lamba, ko dokokin fawa. Waɗannan ana gyara su cikin 'yan kwanaki, idan ɗalibi ya ware shafi guda yana rubuta kowane kuskure da sunansa, ya kuma sake warware tambayar bayan kwana biyu ba tare da leƙen amsa ba.