Hawan Jini da Damuwa: Darasi Daga Makarantar Koyon Aikin Jinya

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nas a asibiti bai wuce yin allura da rarraba ƙwayoyin magani da wankin gyambo ba. Lalle waɗannan suna cikin aikin, amma tun a shekarar farko ta makarantar koyon aikin jinya akan zaunar da ɗalibi a koya masa abubuwa huɗu, watau ma'anar rashin lafiya, da illar damuwa ga jiki, da yadda mutum ke ɗaukar nauyin ciwonsa, da kuma hanyoyin rigakafi. Da wuya a sami ciwon da ya tara waɗannan huɗu wuri guda kamar hawan jini, wanda ya zama ruwan dare a birane da ƙauyukan ƙasar nan. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin kowane baligi uku a duniya ɗaya yana da wannan ciwo, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba.

CUTA DABAN, JIN CIWO DABAN

Abin da ake fara nuna wa ɗalibi shi ne bambancin cuta da jin ciwo. Cuta ita ce ɓarnar da ke cikin jiki, wadda awo ke nunawa. Jin ciwo kuwa shi ne abin da mutum yake ji da kansa har ya ce ba shi da lafiya. Galibi tare suke tafiya, amma ba kullum ba. Mai hawan jini yakan yi shekaru yana kasuwarsa ko nomansa, babu ciwon kai babu jiri, alhali kuwa ciwon yana ta cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da idanu. Awon lafiyayyen mutum bai cika wuce 120 bisa 80 ba. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka tarar ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, to, hawan jini ya tabbata, ko da mutumin yana jin garau.

Ranar da aka gaya masa sakamakon awon kuwa, sai wani ciwon ya taso. Magidanci ya shiga lissafin kuɗin maganin da aka ce zai sha har iyakar rayuwarsa, ya tuna da wani maƙwabci da ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ya soma tunanin wanda zai riƙe masa iyali. Wannan tsoro ba ya fitowa a na'urar awo, amma yana cikin abin da nas za ta yi jinya. Tun da aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948, tsarin mulkinta ya sa kwanciyar hankali da kyakkyawan zama cikin jama'a a cikin ma'anar lafiya, daidai da ƙoshin jiki.

ABIN DA DAMUWA KE YI WA JIKI

A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, wanda ke bincike a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa ɓerayen da yake gwaji da su, ko da sanyi aka wahalar da su, ko da rauni, ko da guba, jikinsu iri ɗaya yake amsawa. Daga nan ya kasa abin gida uku. Da farko akwai firgita: waɗansu 'yan ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda su zuba sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke, sukari ya ƙaru, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko kare kansa. Na biyu shi ne juriya, inda jiki ke ta fama yana neman daidaita al'amura. Idan wahalar ta ƙi ƙarewa, sai a kai ga na uku, watau gajiya, lokacin da barci ke ƙauracewa, garkuwar jiki ta yi rauni. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, amma a nan akwai wani kuskure da ya yi wa jama'a illa ƙwarai. An saba cewa hawan jini ciwon tunani ne, saboda haka da zarar mutum ya biya bashin da ke damunsa, ko rigimar gida ta lafa, sai ya ajiye magani ya ce ya warke. Gaskiya ne ɓacin rai yana ɗaga awon jini na ɗan lokaci, kuma doguwar damuwa tana ƙara wa ciwon ƙarfi. Sai dai manyan tushensa su ne gado, da shekaru, da yawan gishiri, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da giya, da ciwon ƙoda. Akwai masu fara'a da sanyin hali da yawa da ke ɗauke da shi. Haka aka daɗe ana ɗora wa damuwa laifin gyambon ciki, sai a farkon shekarun 1980 waɗansu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa. Saboda haka ake gargaɗin ɗalibi kada ya raina damuwar majiyyaci, kuma kada ya bar shi ya zaci kwanciyar hankali za ta maye gurbin magani.

YADDA AKE ƊAUKAR NAUYIN CIWO

Mutum biyu za su karɓi sakamako iri ɗaya daga bakin likita, ɗaya ya gigice, ɗaya ya tambayi abin yi. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bayyana a 1984 cewa nauyin damuwa ya danganta ga yadda mutum ya auna girman abin da ya same shi, da kuma yadda ya auna ƙarfinsa na tunkararsa. Sun ce hanyoyin jurewa iri biyu ne. Akwai wadda ke fuskantar matsalar kanta, kamar neman bayani, da tanadin kuɗin magani, da gyara girkin gida. Akwai kuma wadda ke sanyaya zuciya, kamar addu'a, da haƙuri, da zantawa da amini. Majiyyaci yana bukatar duka biyun, gama wanda ya tsaya ga haƙuri kaɗai ciwon zai ci gaba da cinsa, wanda kuwa yake shan magani cikin fargaba dare da rana ba zai ji daɗin rayuwarsa ba.

Akwai kuma hanyoyin da kan kawo sauƙi yau su jawo ɓarna gobe: musun cewa akwai ciwon, da yawan shan taba, da haɗiyar ƙwayoyin barci ba da izinin likita ba, da yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Labarin zuciya a tambayi fuska, don haka nas ta gari takan lura da majiyyacin da ya daina cin abinci, ko ya juya wa mutane baya, ko yake amsa kowace tambaya da "lafiya lau". Irin wannan sai a zauna da shi, a yi masa bayani da harshen da yake ji, a bar shi ya yi tambaya, a kuma gaya masa gaskiya gwargwadon abin da zai iya ɗauka.

'Yan dubiya ma suna da nasu rabon. Florence Nightingale, wadda ta kafa makarantar koyon aikin jinya a asibitin St Thomas na birnin Landan a 1860, ta ware babi guda a littafinta na koyar da jinya a kan baƙin da ke cika majiyyaci da shawarwari da ƙarfafa gwiwar da ba ta da tushe. Dubiya al'ada ce mai kyau da ke nuna wa mara lafiya ba a yar da shi ba. Amma idan ɗaki ya cika, wannan ya kawo saiwa, wancan ya ce a bar maganin asibiti, wata ta ba da labarin wanda irin ciwon ya kashe, to, an ƙara wa majiyyaci kaya.

Ita ma mai zaman jinya abar dubawa ce. A 1995 masu bincike a jihar Ohio ta Amurka sun gwada matan da suka daɗe suna jinyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa, suka tarar ƙaramin rauni a fatarsu yakan ɗauki kamar kwana tara fiye da na sauran mata kafin ya warke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata dangi su riƙa karɓa-karɓa, kada a sakar wa mace guda wanka da girki da kwanan zaune.

RIGAKAFI HAWA UKU NE

Da an ce rigakafi sai hankalin mutane ya tafi ga allura. A wajen ma'aikatan jinya kuwa abin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne tare ciwo tun bai zo ba. Da irin wannan ne aka ga bayan cutar agana a duniya a 1980, aka kuma tabbatar a 2020 cewa Nijeriya da sauran yankin Afirka sun rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Hawan jini ba shi da allura. Rigakafinsa shi ne kada gishirin da mutum ke ci a yini ya wuce giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti, sa'an nan a yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, a yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 a mafi yawan ranakun mako, a kuma guji taba da giya.

Hawa na biyu shi ne gano ciwo da wuri a tare shi kafin ya yi ɓarna. Awon jini bai fi minti biyar ba, kuma ana yinsa har a ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye. Mace mai ciki ta fi kowa bukatarsa, domin hawan jini a lokacin goyon ciki shi ne kan kai ga jijjiga, wadda ke halaka uwa da ɗa. Wanda aka ɗora a kan magani kuma ya riƙa sha kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji.

Hawa na uku shi ne rage ɓarna bayan ta auku. Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya ɗura wa mutum ruwa ko kunu, gama mai yiwuwa ne ba ya iya haɗiya, abin ya bi ta huhu. Bayan an sallame shi, wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar kowace sa'a biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, a riƙa motsa masa gaɓoɓi, a kai shi wurin masu gashi da koyar da tafiya. A kuma bar shi ya yi wa kansa duk abin da zai iya, ko da riƙe cokali ne, domin tausayin da ya wuce kima yakan mai da mutum nakasasshe.

Daga cikin hawan nan uku, na farko da na biyu sun fi arha nesa ba kusa ba, kuma yawancin aikinsu a gida yake, a hannun mai cefane da mai girki. Duk baligin da bai taɓa auna jininsa ba, ko ya shekara bai auna ba, musamman wanda ya haura 40 ko yake da mai ciwon a danginsa, ya kamata ya nemi asibiti mafi kusa cikin makon nan, ya kuma tafi da uwargida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.